Shuni, Alharini da Farin Eyo: Tarihin da Launin Tufa Ya Riƙe Tsakanin Kano da Legas

A yau idan za a yi biki a Agege ko Idi-Araba a nan Legas, ƙawayen amarya kan zaɓi launin anko a waya, sannan a tashi mutum ɗaya ya je kasuwar Balogun ya yanko yadi. Abin da ake dubawa shi ne wanda zai fito da kyau a hoto. Shekara 150 da suka wuce ba haka lamarin yake ba. Kowane launi yana da tsadarsa, yana da hanyar da ya biyo kafin ya iso kasuwa, wani ma ba kowa ke da ikon sa shi ba. Shi ya sa tsohuwar riga take zama shaida a wajen masu binciken tarihi: daga launinta ana gane matsayin mai ita, da garuruwan da mutanensa suke ciniki da su.

A ƙasar Hausa labarin ya fara ne da shuni. Ana danganta kafuwar marinar Ƙofar Mata a Kano da shekarar 1498, ƙarshen zamanin Sarki Muhammadu Rumfa. A cikin rami ake haɗa ruwa da toka da baba, a bar su kwanaki har rinin ya nuna. Idan marini ya tsoma zane ya ɗago, da farko kore-kore yake fitowa, sai iska ta buge shi ya koma shuɗi. A sake tsomawa, a sake shanyawa, har shuɗin ya kusa zama baƙi. Daga nan a kai wa mabuga, su barbaɗa garin shuni su yi ta bugu a kan gungume har ya riƙa ƙyalli. Don haka duhun zane aiki ne da kuɗi, kuma duk wanda ya ga mutum da rawani ɗan Kura ya san ba ƙaramin abu ya kashe ba. Buzaye sun fi kowa son irin wannan zane mai ƙyalli da ake kira turkuɗi, suna ma alfahari da yadda yake zuba a fatarsu. Bajamushen nan Heinrich Barth, da ya zo Kano a 1851, ya ƙiyasta cewa tufafin Kano da ake kaiwa Timbuktu kaɗai sun kai kayan raƙumi 300 a shekara.

Yarbawa ma suna da nasu shunin, daga tsiron da muke kira talaki. Bambancin shi ne a Kano rini aikin maza ne, a Abeokuta da Ibadan kuwa na mata ne, uwa ta koya wa 'yarta. Adire, wato rinannen zanensu mai ado, ya bunƙasa a farkon ƙarni na 20, lokacin da farin yadin Turai ya riƙa shigowa da yawa ta tashar jirgin ruwan Legas. Matan kan zana ado da kullun rogo a kan yadin kafin a tsoma, inda kullun ya rufe rini ba ya kamawa. A cikin wannan adon suka ajiye labarin zamaninsu. Zanen da ake kira Ibadandun yana ɗauke da ginshiƙan Mapo Hall, babban zauren da aka gina a Ibadan a 1929. Wani kuma, Oloba, an kwaikwayo shi ne daga hoton Sarki George na Biyar da matarsa na bikin cikarsa shekara 25 a kan gadon Ingila a 1935. An yi ta kwafarsa daga hannu zuwa hannu har fuskokin suka sauya kama, aka kuma cusa masa siffar Buraƙa da aka ɗauko daga hotunan da Musulmi ke saye a kasuwa. Zane guda ya haɗa mulkin mallaka da yaɗuwar Musulunci a ƙasar Yarbawa, kuma matan da suka yi shi yawancinsu ba su taɓa riƙe alƙalami ba.

Abin da ya fi taɓa ni a wannan tarihi shi ne jan launi, domin a nan ne hannun kakanninmu ya fi fitowa. Manyan saƙar aso oke na gargajiya, wato saƙar hannu ta Yarbawa, uku ne. Akwai etu, mai duhun shuni da ɗigon fari kamar jikin zabo, ɗan'uwan saƙin da muka sani. Akwai sanyan, mai ruwan ƙasa, da ake yi da silikin daji irin na rigar tsamiya. Na ukun shi ne alaari, ja mai haske, tufar sarakuna da manyan bukukuwa. Zarensa ba a ƙasar Yarbawa ake yin sa ba. Ragowar siliki ne daga masaƙun Turai, a rina shi, ayari ya ɗauko shi daga Tarabulus ya ratso Sahara zuwa Kano, inda ake kiran sa alharini. Daga Kano fatake su gangara da shi Nupe da Ilorin, har ya kai hannun masaƙan Yarbawa. Wannan alharinin ne kuma ake yi wa manyan rigunanmu shafi da shi. To, duk lokacin da ka ga dattijon Bayarabe a Legas ya fito da tsohuwar alaari ta gado, ka san zarenta ya kwana a zangon Hausawa kafin ya iso. Mutanenmu da yawa a nan suna ɗaukar kansu baƙin jiya da suka biyo jirgin ƙasa ko tirelar shanu, alhali cinikin da ya haɗa mu da mutanen garin nan ya girmi jirgin nesa ba kusa ba.

Sai dai kada a ɗauka launi ɗaya ma'anarsa ɗaya ce a ko'ina. Fari a wajenmu tufar Juma'a ce da Idi, da rawanin malamai, da likkafani. A tsibirin Legas farar hula alamar sarautar Idejo ce, masu ƙasa na asali. Dodannin Eyo kuma, waɗanda ake cewa an fara fito da su a tsibirin a 1854 don jana'izar Oba Akitoye, suna lulluɓe da fari tun daga kai har ƙafa a matsayin wakilan magabata. Da launin malafa ake bambance manyan ƙungiyoyinsu: Adimu baƙa, Laba ja, Oniko rawaya, Ologede koriya, Agere shunayya. 'Yan kasuwarmu na Idumota sun san dokar ranar, ba hula ba takalmi a gabansu. Wannan ba addininmu ba ne, amma wanda yake zaune a gari ya kamata ya san abin da makwabcinsa ke nufi da tufarsa. A masarautar Benin kuwa jan murjani na Oba ne, wato sarkinsu, da waɗanda ya ba izini, farin alli kuma alamar tsarki.

Abubuwa biyu ne suka raba launi da tsohuwar ma'anarsa. A 1897 kamfanin BASF na Jamus ya fara sayar da shunin da aka haɗa a masana'anta, mai araha, mai saurin kamawa. Sannan titin jirgin ƙasa ya isa Kano a 1911, kaya suka koma bin teku, ayarin Sahara ya ja baya, alharini ya yi ƙaranci. A Abeokuta rinin zamani ya jawo rigima sosai a shekarun 1920 da 1930: Alake, Sarkin Abeokuta, ya hana amfani da shi da sodar da ake haɗa shi da ita saboda suna ɓata sunan adire, matan marina kuma suka ƙi yarda, don su ne ke fama da tsadar kayan aiki da bashin 'yan kasuwa. Da zarar kowa ya iya sayen duhun shuni da kuɗi kaɗan, ya daina nuna arzikin mai shi. Yau marinan kasuwar Itoku a Abeokuta suna kokawa da adire na bugun inji da ake shigowa da shi daga Sin, a Ƙofar Mata kuma ramuka da yawa sun bushe.

Gidan tarihi na ƙasa da ke Onikan a Legas, wanda Baturen nan Kenneth Murray ya kafa a 1957, yana nan kusa da dandalin Tafawa Balewa. Yawancin 'yan Arewa da suka san shi sun san shi ne saboda motar da aka harbe Janar Murtala Muhammed a cikinta a 1976. A gidan akwai kayan yumɓun Nok da tagullar Benin da sauran kayan gargajiya na sassan ƙasar nan. Makarantun Islamiyya da na boko na unguwanninmu za su iya kai yara can. Kafin nan ma, akwai dattawa a zangon Agege da har yanzu suke da saƙi ko barage a ƙasan adaka, kuma sun san sunan kowane ɗinki, aska biyu ce ko aska takwas, da garin da aka rina ta. Ya kamata a zauna da su, a ɗauki hoton rigunan, a rubuta bayaninsu da Hausa tun suna da rai.