Tsilar tumaki ba ta kama mutum ta hanyar nama

Tun da daɗewa ake cewa a Maraɗi, musamman gab da layya, wai ragon da aka ga tsila a hanjinsa, duk wanda ya ci namansa zai kamu. Ba abin mamaki ba ne a ji tsoro, don wanda ya ga tsawonta dole gabansa ya faɗi.

Wannan tsila, da masana ke kira Moniyeziya, a ƙaramin hanji take zama, ba ta shiga tsoka. Ba ta da baki, ba ta da ciki. Ta fatarta take tsotse sukarin abincin da tunkiya ta narkar. Ƙwanta na fita da kashi, wasu ƙananan ƙwari da ke cikin ƙasa su haɗiye shi, tunkiya kuma ta haɗiye ƙwarin tare da ciyawa. Ba ta wata hanya sai wannan. Ƴan raguna ta fi damu. Tsilar mutane kuwa, a nan galibi daga naman shanun da bai dahu ba take.

Abin da ya fi cancantar tsoro a ganina shi ne ƙullutun ruwa a hanta ko huhun dabbar, wanda wata tsila dabam ke haddasawa. Kada a jefa wa kare, a binne shi da zurfi, don idan kare ya ci, daga kashinsa ƙwan wannan tsilar ke isa ga mutum.

Duba kashin dabbarka: gutsattsarin tsila fari ne kamar dafaffiyar shinkafa. Likitan dabbobi zai tabbatar da madubin awo. Don Allah a tura wa makiyaya da mahauta.