Waiwaye: Neman lagon sankarar maɓuɓɓugar yawu

Sankarar da ke kama maɓuɓɓugan yawu, musamman babbar da ke gaban kunne inda hangum ke kumbura, ba ta da yawa, amma nau'o'inta sun haura 20. Shekaru da dama abin da likitoci ke da shi bai wuce tiyata da gashin ƙari da haske ba. Idan ta bazu zuwa huhu ko ƙashi, magungunan kemo ba su cika tsinana komai ba.

A farkon shekarun 2000 an ɗauka an samu mafita. Maganin imatinib ya yi abin mamaki a wata sankarar ciki da hanji ta hanyar toshe furotin KIT, ga shi kuma nau'in adinoyid sistik na maɓuɓɓugar yawu cike yake da wannan furotin. Sai aka gwada. Sakamakon da ya fito daga Kanada a 2005 ya sanyaya gwiwa, domin babu majinyacin da ƙarinsa ya ragu yadda ake fata. Furotin ɗin yana nan jingim, amma ba shi ke ingiza ciwon ba. Haka aka sake yi da magungunan da ke toshe wani furotin mai suna EGFR. A ganina an yi gaggawa: an ga yawa, an ɗauka shi ne tushe, majinyata kuwa lokacinsu na tafiya.

Sauyi ya zo ne da aka daina yi wa nau'o'in kuɗin goro. Sankarar bututun yawu, wadda aka fara bayyanawa a 1968, ta yi kama da sankarar mama a madubin likita. Akasarinta na ɗauke da furotin da ke karɓar sinadarin mazakuta, wani kaso kuma na da furotin HER2 fiye da kima. Masu bincike a Japan suka aro magunguna daga wasu sankarorin. A wani gwaji da aka wallafa a 2018, sun ba majinyata 36 magungunan da ake ba maza masu sankarar furostet, ƙarin ya ragu a kusan kashi 42 cikin 100. A wani gwajin da aka wallafa a 2019, haɗin magungunan trastuzumab da docetaxel ya yi aiki a kashi 70 cikin 100 na majinyata 57 masu HER2, kuma a 2021 Japan ta amince da shi a hukumance.

Akwai kuma nau'in da likita Alena Skálová ta Jamhuriyar Czech ta ware a 2010, wanda haɗewar ƙwayoyin gado biyu, ETV6 da NTRK3, ke haifarwa. Maganin larotrectinib da Amurka ta amince da shi a 2018 ya dace da shi sosai.

Adinoyid sistik ce dai har yanzu ta gagara, kuma wannan na ci mini tuwo a ƙwarya. Tun 2009 aka gano a Suwidin cewa furotin MYB ne ke tuƙa ta, sai dai irin wannan furotin na aiki ne can cikin cibiyar ƙwayar halitta, kuma ba shi da wurin da magani zai kama cikin sauƙi. A gwajin maganin lenvatinib na 2019, mutum 5 ne kacal cikin 32 ƙarinsu ya ragu.