'Yan Puritan

'Yan Puritan rukuni ne na Kiristocin Furotesta da ya ɓullo a Ingila a shekarun 1560, zamanin Sarauniya Elizabeth ta Ɗaya. Cocin Ingila ya raba gari da Fafaroma tun 1534, amma a ganinsu gyaran ya tsaya a rabin hanya. Farar rigar limamin coci, durƙuso wajen karɓar Jibin Ubangiji, alamar gicciye a goshin jariri ranar baftisma, har da zoben aure, duk sun ce ragowar Katolika ne, tunda babu nassinsu a Littafi Mai Tsarki. Sunan ya fito ne daga kalmar Ingilishi mai nufin tsarki, kuma abokan hamayya ne suka laƙaba musu shi don ba'a.

Tushen aƙidarsu koyarwar John Calvin ce, ɗaya daga cikin jagororin Furotesta, cewa Allah ya riga ya zaɓi waɗanda za su tsira tun kafin a halicci duniya, aikin mutum ba ya saya masa ceto. Sai a yi zaton wannan zai sa su sakaci, amma ina! Da yake ba wanda aka nuna wa sunansa cikin zaɓaɓɓu, kowa ya duƙufa yana tonon zuciyarsa ko zai ga alamar alheri. Da yawansu na ajiye littafin da suke rubuta zunubansu da halin da imaninsu ke ciki. Maigida shi ke jan iyalinsa addu'a da karatu safe da yamma, har da barori.

Ɗakin ibadarsu fili ne fetal, ba gumaka, ba kayan kiɗa, Zabura da baki kawai ake rera ta. Wa'azi shi ne kan gaba, yakan kai awa ɗaya ko biyu, da agogon yashi a gefen mumbari. Ranar Lahadi ba aiki, ba wasa.

Da matsin Sarki Charles na Ɗaya ya yi yawa, John Winthrop ya ja ayari zuwa Massachusetts a 1630, kuma cikin shekara goma mutum kusan 20,000 suka tsallaka teku zuwa Amurka. A nan ne aka ga abin da ya fi dacewa a yaba musu: son karatu. Sun kafa kwalejin Harvard a 1636. Dokar 1647 ta wajabta wa duk garin da ya kai gida 50 ya ɗauki malamin koyar da yara karatu da rubutu, don kada Shaiɗan ya nesanta mutane da nassi.

Sai dai waɗanda suka gudu wa tsangwama sun tsangwami wasu. Sun kori Roger Williams da Anne Hutchinson saboda saɓanin fahimta, sun rataye Mary Dyer a Boston a 1660 don ta ƙi daina wa'azin 'yan Kwaika, wata ɗariƙar Kirista da suka haramta. Daga 1659 zuwa 1681 wanda ya yi bikin Kirsimeti a Massachusetts tarar sule biyar ce a kansa. A Salem, a 1692, an rataye mutum 19 bisa zargin maita.

A Ingila kuwa sun taɓa riƙe mulki bayan yaƙin basasa, aka fille kan Charles a 1649, daga baya ɗan Puritan Oliver Cromwell ya zama shugaba. Da sarauta ta dawo a 1660, dokar 1662 ta raba limamai kusan 2,000 da cocinsu.