Jagorar Mai Karatu Zuwa Littattafan Bincike, Zullumi da Tsere

Jagorar mai karatu sashe ne na aikin laburare inda ma'aikacin ɗakin karatu yake taimaka wa mutum ya dace da littafin da zai ji daɗin karantawa don nishaɗi. Ya bambanta da aikin amsa tambayoyin ilimi, wanda ɗalibi ke zuwa da batu a hannu a nemo masa inda aka yi bayaninsa. A nan mai karatu yakan zo ne ba tare da sunan littafi ko na marubuci ba, abin da yake da shi kawai shi ne tunanin daɗin da ya taɓa ji a wani littafi, yana son ya sake jin irinsa. Wannan maƙala ta taƙaita ne ga nau'i uku na ƙagaggun labarai da ake yawan cuɗanya su: labarin binciken laifi, labarin zullumi, da labarin tsere da hatsari, tare da duba yadda aikin yake kasancewa a ɗakunan karatu na Sakkwato.

Asalin aikin

A matsayin aiki mai suna da tsari, jagorar mai karatu ta fara ne a ɗakunan karatun jama'a na Amurka a shekarun 1920. A lokacin manufarta ilmantar da manya ce. Ma'aikaci yakan zauna da mutum ya tsara masa jerin littattafan da za su ɗaga iliminsa, ƙagaggen labari kuwa ana yi masa kallon matakalar da za a taka a wuce. A 1931 masanin laburare ɗan Indiya, S. R. Ranganathan, ya fitar da ƙa'idojinsa biyar, waɗanda a cikinsu akwai cewa kowane mai karatu yana da littafinsa, kowane littafi yana da mai karanta shi, kuma a tsimi lokacin mai karatu. Sai a shekarun 1980 aikin ya koma kan jin daɗin karatu. Littafin Betty Rosenberg na 1982 ya kasa ƙagaggun labarai gida-gida, ya kuma kafa ra'ayin cewa kada kowa ya ji kunyar abin da yake son karantawa. A 1989 Joyce Saricks da Nancy Brown suka fito da hanyar da ake bi har yau, wato bayyana littafi ta fuskar abubuwan da ke jan mai karatu: saurin tafiyar labari, yanayin taurarinsa, yadda aka ƙulla shi, da duniyar da aka gina shi a ciki.

Mutumin Sakkwato ba baƙo ba ne ga ra'ayin cewa wani ya zaɓa maka littafi na gaba. A makarantar zaure malami ne ke duban ɗalibi ya ce ya isa ya bar Ahalari ya shiga Ishmawi, daga nan Iziyya, daga nan Risala. Sai dai can matakin ilimi ne ke yanke hukunci, kuma malami ya fi ɗalibi sanin abin da ya dace da shi. A jagorar karatun nishaɗi mai karatu ne ya fi kowa sanin abin da ke yi masa daɗi, ma'aikaci kuma ya fi shi sanin abin da ke kan kanta. Daga haɗuwar sanin nan biyu ake samun littafin.

Nau'o'in uku da abin da ya raba su

Labarin binciken laifi kacici-kacici ne mai tsawo. An riga an aikata laifin, yawanci kisa ko sata, tun a farkon littafi, sauran shafukan kuma komawa baya ne don gano wanda ya yi da dalilinsa. Marubucin kirki yakan shimfiɗa alamu a fili yadda mai karatu zai iya rigan jami'in bincike gano gaskiya in ya lura, ya kuma watsa wasu alamun na ɓad da sawu. Ana danganta farkon wannan nau'i da gajeren labarin Edgar Allan Poe na 1841. Arthur Conan Doyle ya fito da tauraronsa mai binciken laifi, Sherlock Holmes, a 1887, Agatha Christie kuma ta wallafa littafinta na farko a 1920, ta rubuta littattafan bincike 66 kafin rasuwarta a 1976. Daɗin wannan nau'i na ƙwaƙwalwa ne, kuma Bahaushe ya san shi tun kafin boko: labaran alƙalai masu hikima da ke gano maƙaryaci da tambaya ɗaya, da labaran masu bin sawu da ke bin ɓarawon shanu har ƙofar gidansa, duk jinsi ɗaya ne da shi.

Labarin zullumi gaba yake kallo. Abin tsoron bai auku ba tukuna, amma mai karatu ya san yana tafe, sau da yawa ma ya san abin da tauraron labarin bai sani ba. Alfred Hitchcock, mai shirya finafinai ɗan Ingila, ya bayyana bambancin da misalin bam a ƙarƙashin tebur: in ya tashi ba zato an sami firgita ta ɗan lokaci, in kuwa an nuna wa mai kallo shi tun da fari, duk hirar da mutanen ke yi a kan teburin ta zama abin sauraro da numfashi a riƙe. Da za a kawo misalin gida, sai a ce mun ga kububuwa ta shige ƙarƙashin tabarma, ga kuma mai gida ya yi alwala ya nufo ta. Irin wannan labari ba ya buƙatar ɗan sanda ko bindiga. Amarya da ta fara lura cewa maganganun mijinta ba sa haɗuwa ta isa ta riƙe littafi guda.

Labarin tsere da hatsari shi ne mai gudu. Babi gajeru, wuri yana sauyawa, akwai wa'adi da ke ƙaratowa, abin da za a rasa kuma babba ne, rai ko ƙasa ko dukiyar jama'a. 'Yan leƙen asiri, masu fasa-ƙwauri da maƙarƙashiyar juyin mulki duk a nan suke. Littafin Frederick Forsyth na 1971 kan yunƙurin kashe Shugaba de Gaulle na Faransa misali ne mai kyau, domin kowa ya san ba a kashe shugaban ba, amma duk da haka mai karatu ba ya iya ajiye shi.

Iyakokin ba katanga ba ne, littafi ɗaya kan taɓa biyu ko ma duka ukun. Amma ma'aikacin da bai rarrabe su ba zai riƙa miƙa wa mai son wasa ƙwaƙwalwa littafin harbe-harbe, mutumin ya dawo da shi bayan kwana biyu bai ce komai ba, kuma ba lalle ya sake tambaya ba.

Hirar da ke tsakiyar aikin

Tambayar da ta fi kowace amfani ita ce a ce wa mutum ya ba da labarin littafin ƙarshe da ya ji daɗinsa. A bakin Basakkwace abin kan zo kamar haka. Saurayi ya tsaya gaban tebur ya ce, "Malam, littahi nika biɗa wanda ba ni iya aje shi." Malamin laburare ya ce, "To samari, wane ka karanta na baya da ya yi maka haka? Mi ya burge ka ciki?" Amsar da za ta biyo baya ita ce taswirar. Wanda ya ce, "Wallahi ban taɓa zaton matar ce ta yi ba," mai son kacici-kacici ne. Wanda ya ce bai yi barci ba sai da ya ga ko yarinyar ta kuɓuta, zullumi yake so. Wanda ya shiga ba da labarin yadda aka bi mota da mota har kan iyaka, a nemo masa mai gudu.

Tambayar abin da mutum ba ya so ta kai wannan muhimmanci, wani lokaci ma ta fi. Akwai mai son bincike amma ba ya son a siffanta masa gawa. Akwai wadda za ta ajiye littafi da zarar ta ci karo da batsa ko zagi, kuma ba za ta faɗa ba sai an buɗe mata ƙofa, musamman in ma'aikacin namiji ne da ya girme ta. Dattijon ma'aikaci yakan iya cewa, "Ɗiyata, wanga akwai zub da jini ciki, wancan babu, wane kika so?" ya bar ta ta zaɓa ba tare da ta yi bayanin kanta ba. A jihar da mutanen gabashinta, irin su Isa da Sabon Birni, suka sha fama da 'yan bindiga da satar mutane don kuɗin fansa, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Labarin garkuwa da mutum wanda yake nishaɗi ga wani, ga wanda aka taɓa ɗauke ɗan'uwansa fami ne. Wani kuma shi ainihin abin da yake nema ke nan, domin a littafi aƙalla ana kama mai laifi. Ba a sani sai an tambaya, kuma a tambaya a hankali.

Ƙwararru sun fi son a miƙa littafi biyu ko uku maimakon ɗaya, a kuma faɗi dalilin kowanne a jimla ɗaya ko biyu. Haka mai karatu ba ya jin nauyin ƙin abin da babba ya zaɓa masa, wanda a tarbiyyarmu abu ne mai wuya. Akwai kuma doka guda da ta keɓanta da waɗannan nau'o'i: ba a tona ƙarshe. Ko cewa "za ka sha mamaki a babin ƙarshe" rage daɗi ne, domin an riga an sa mutum ya zauna cikin shiri. Ana siffanta yanayin littafi da farkonsa, a yi shiru a nan.

Abin da ake samu a Sakkwato

Manyan wuraren ajiyar littafi a birnin an gina su ne don ilimi da tarihi. Laburaren Abdullahi Fodiyo na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, jami'ar da aka kafa a 1975, na ɗalibai ne da masu nazari, Gidan Tarihi na Waziri Junaidu kuma ma'ajiyar rubuce-rubucen hannu ne da takardun tarihi. Karatun nishaɗi ya fi zama a laburaren jiha, ɗakunan karatun makarantun sakandare, shagunan hayar littafi, masu sayar da littattafan gwanjo, sai kuma wayar hannu, inda marubutan Hausa da dama ke sakin labari babi-babi a WhatsApp da Wattpad. Ma'aikacin da ke son ya yi jagora da gaske dole ya san abin da ke yawo a waɗannan wurare, ko da ba ya kan kantarsa.

A ɓangaren Turanci, waɗanda suka yi sakandare a shekarun 1970 da 1980 sun tashi ne da littattafan James Hadley Chase da jerin Pacesetters na kamfanin Macmillan, wanda ya fara fitowa a 1977, marubutansa 'yan Afirka ne, cikinsu har da Mohammed Sule na Kano. Ƙananan littattafai ne masu sauƙin Turanci, kuma har yau suna da amfani ga ɗalibin da ke son labari mai gudu amma littafi mai shafi 500 yana ba shi tsoro. Ga mai son labarin da ke faruwa a Najeriyar yau akwai sababbin marubuta irin su Leye Adenle, Oyinkan Braithwaite da Femi Kayode, waɗanda littattafansu na laifi na farko suka fito tsakanin 2016 da 2021, sai dai wasunsu na manya ne ƙwarai, ya kamata a faɗa wa mai aro haka.

A ɓangaren Hausa abin ya fi buƙatar sani, domin ba a cika rubuta nau'in labari a bango ba. Kasuwa ta saba da rabo biyu, na soyayya da na yaƙi, alhali a cikin waɗanda ake kira na soyayya akwai da yawa da zullumi ne tsantsa: gadon da aka ɓoye, jaririn da aka musanya, kishiyar da ke ƙulla abu a ɓoye. Tsofaffin littattafai ma suna da rabonsu. Jiki Magayi, na John Tafida da Rupert East, labarin ɗaukar fansa ne da mai karatu ke hango masifar tun daga nesa. Turmin Danya na Sulaiman Ibrahim Katsina ya shiga duniyar 'yan fasa-ƙwauri, Ƙarshen Alewa Ƙasa na Bature Gagare kuma ya bi rayuwar gungun 'yan ta'adda, dukansu daga farkon shekarun 1980. Abin takaici ne yadda ɗalibai da yawa suka san waɗannan a matsayin littattafan jarrabawa kawai, ba wanda ya taɓa miƙa musu su ya ce ga labari mai hana barci.

Tsarin kanta da kayan aiki

Tsarin jera littafi ba ya taimakon mai neman nau'i. A tsarin Dewey, wanda ake jera littattafan laburare da shi bisa lambobi, ƙagaggun labaran Ingila suna lamba 823, na Amurka 813, adabin Hausa kuma 893.72, wato harshe da ƙasa ne ke raba su. Don haka littafin bincike na Hausa da takwaransa na Turanci suna iya zama a kusurwa biyu na ɗaki. Ɗakunan karatu kan magance wannan da ɗan tambari mai launi a ƙashin bayan littafi, ko kanta guda kusa da ƙofa da aka ware wa waɗannan labarai, ko takarda a manne mai cewa wanda ya ji daɗin wane, ya gwada wane. Inda babu kwamfuta, littafin rubutu ɗaya ya wadatar: sunan littafi, nau'insa, saurinsa, ko akwai jini ko batsa, da abin da masu aro suka ce da suka dawo da shi. Ba a rubuta sunan mai aro a ciki, domin abin da mutum ke karantawa sirrinsa ne.

Akwai matsala ɗaya da ta fi damun littattafan Hausa. Yawancinsu kashi-kashi ake buga su, na ɗaya, na biyu, na uku, wani lokaci har na huɗu, a kan takarda marar ƙwari da ba ta jure zafi da ƙurar Sakkwato da yawan hannu. Labarin soyayya in kashi na biyu ya ɓace ana iya cike gurbin da tunani. Labarin bincike in na ƙarshe ya ɓace, ko shafi huɗun ƙarshe suka yage, mai karatu ya yi hasarar dukan kwanakin da ya kashe a kansa. Shi ya sa ma'aikatan da suka san aikin suke ɗinke kashin duka a bango ɗaya mai kauri kafin su kai kanta, kuma duk lokacin da aka dawo da littafin bincike sukan juya bayansa su tabbatar shafin ƙarshe yana nan kafin su ba wani aro.