Rufaffen Zauren Wasanni na Surulere: Tambayoyi da Amsoshi

Wane zaure ake nufi, kuma a ina yake?

Idan Bahaushen Idi-Araba ko Ojuelegba ya ce za shi "sitadiyam", yawanci Babban Filin Wasa na Ƙasa yake nufi, wanda ke unguwar Surulere a birnin Legas, a kan titin Funsho Williams. A cikin harabar filin, gefe da wajen buga ƙwallon ƙafa, akwai wani gini mai rufi da aka tanada domin wasannin da ba sa son rana, iska ko ruwan sama. Shi ne zauren da muke magana a kansa, kuma mallakar Gwamnatin Tarayya ne.

Yaushe aka gina shi?

Tarihinsa a haɗe yake da na filin, wanda aka buɗe a 1972, zamanin mulkin Janar Yakubu Gowon, domin karɓar baƙuncin Wasannin Afirka karo na biyu a watan Janairun 1973, shekara uku kacal bayan ƙarewar yaƙin basasa. Gasa irin wannan ba ta tsaya ga ƙwallon ƙafa da guje-guje ba. Akwai dambe da ƙwallon kwando da ƙwallon raga, waɗanda ke bukatar daɓe mai santsi da haske daidai gwargwado. Legas ce babban birnin tarayya a lokacin, don haka nan aka zuba kuɗin.

Me ya sa ake cewa yana da amfani iri-iri?

Saboda fili ɗaya ne ke sauya kama gwargwadon bukata. Wanda ya shiga da safe zai iya tarar da matasa suna atisayen ƙwallon kwando, takalmansu na ƙara a kan daɓen katako, sannan ya dawo bayan kwana biyu ya ga an kafa dandamalin dambe a tsakiya, an ɗaura igiyoyi, an jera kujeru har kusa da kusurwar 'yan wasa. A nan aka fara gasar damben zamani ta GOtv Boxing Night a 2014, wadda ta taimaka wajen farfaɗo da damben ƙwararru a ƙasar nan. Haka kuma zauren ya sha karɓar wasannin ƙarshe na gasar ƙwallon kwando ta ƙasa, ta maza da ta mata. A ganina, wannan sauƙin sauyawa shi ne babbar darajarsa, domin a birni mai damina kamar Legas, inda ruwa ke iya tsinkewa ba shiri, wurin da ba a ɗage wasa saboda hadari ba ƙaramin abu ba ne.

Shin ba a yi watsi da filin ba?

An yi, kuma abin yana da ciwo ga duk wanda ya san cewa a nan Najeriya ta doke Aljeriya da ci 3 da nema, ta ɗauki Kofin Afirka a karo na farko a 1980. Tun da aka gina filin Abuja domin Wasannin Afirka na 2003, manyan wasannin ƙwallon ƙafa suka ƙaura, kujeru suka lalace, ciyawa ta mutu. Sai dai rufaffen zauren bai mutu tare da babban filin ba; masu dambe da 'yan ƙwallon kwando suka ci gaba da zuwa, duk da zafi da ɗaukewar wuta, kuma su ne suka hana harabar zama kufai.

Shi kaɗai ne irinsa a Surulere?

A'a. Tsallaken titi akwai filin Teslim Balogun na gwamnatin jihar Legas, wanda ke da zauren Molade Okoya-Thomas, inda aka fi yin gasar ƙwallon tebur. Mutane da yawa suna rikita su, har a sauke baƙo a wannan alhali takardar gayyatarsa ta ce wancan.

Mene ne ruwan Hausawan Legas da shi?

Dambenmu na gargajiya, da zarensa da kalangunsa, a buɗaɗɗen fili ake yin sa, kuma yana da masu kallo a unguwanninmu. Amma yaron Idi-Araba mai ƙarfin hannu da ke son ya gwada damben safar hannu, ko yarinya mai tsawo da ke sha'awar ƙwallon kwando, ba sa bukatar doguwar tafiya, domin mota ɗaya ko biyu za ta kai su ƙofar harabar, inda masu horarwa ke fara atisaye tun da sassafe.