LEA: wace hukuma ce, kuma ina ruwanta da sakamakon WAEC?

Duk wanda ya zaga Kuje ko Gwagwalada ya sha ganin allunan makarantu ɗauke da haruffan LEA. Ana nufin hukumar ilimi ta ƙaramar hukuma. Kowacce cikin ƙananan hukumomi shida na Abuja, wato AMAC, Bwari, Gwagwalada, Kuje, Kwali da Abaji, tana da tata, kuma sakataren ilimi ne ke jagorantar ta. Hurumin ta firamare ne: malamai, rajistar yara da zagayen duba makarantu. Ko tsarin mulkin 1999, a jadawali na huɗu, ilimin firamare da na manya da na sana'a ya lissafa cikin abin da ƙaramar hukuma ke sa hannu a ciki. Bai ambaci sakandare ba.

To, amma da zarar WAEC ko NECO ta saki sakamako, aka ji yara sun kasa haɗa kiredit biyar har da Turanci da Lissafi, sai ka ji iyaye na tambaya: ina ciyaman yake? Kiredit ɗin nan daga A1 ne zuwa C6. Wanda ya ci D7 a Lissafi, ko makinsa na JAMB ya yi kyau, ƙofar jami'a ba za ta buɗe masa cikin sauƙi ba, shi ya sa ran iyaye ke ɓaci.

A hukumance, ciyaman ba shi da ikon sauya shugaban babbar sakandare ko tuhumarsa. Wannan aikin hukumar makarantun sakandare ta birnin tarayya ne. Ƙaramar sakandare kuwa tana hannun hukumar ilimin bai-ɗaya, bisa dokar 2004 da ta haɗe shekara shida ta firamare da ukun farko na sakandare. Abin da aka fi gani daga ciyamomi shi ne biya wa ɗalibai kuɗin jarrabawa. Taimako ne na gaske ga uban da ba shi da hali, sai dai yana zuwa ne bayan ruwa ya riga ya ƙare wa ɗan kada.

A ganina, duk da haka ƙaramar hukuma ba ta fita daga zargi ba. Ɗalibin aji shida na sakandare da ke bin layin rubutu da ɗan yatsa, yana haɗa baƙi da ƙyar a ɗakin jarrabawa, ba a ranar ya faɗi ba. Tun yana aji uku na firamare aka wuce da shi gaba bai iya karatu ba, a makarantar da LEA ke kula da ita. A 2025 malaman firamaren Abuja sun shafe sama da wata uku suna yajin aiki saboda ƙananan hukumomi ba su biya su sabon mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 ba. Yaran da ke aji shida na firamare a lokacin, a 2031 za su zauna WAEC, kuma da wuya a samu mai tuna wannan giɓin ranar da sakamakonsu zai fito.

Kansilan da ke son sa ido da gaske yana da inda zai fara. Ya shiga makarantar mazaɓarsa ba tare da sanarwa ba, ya buɗe littafin da malamai ke sa hannu da safe, ya miƙa wa 'yan aji huɗu littafi su karanta masa, sannan ya kai abin da ya gani gaban sakataren ilimi da zauren majalisar ƙaramar hukuma.