Me ake nufi da "yanayin Fritz Walter"?

Idan ruwa ya tsinke a filin ƙwallo a Jamus, ciyawa ta jiƙe sharkaf, 'yan kallo suka ƙudundune cikin riguna, za ka ji mai sharhi ya ce yau "Fritz-Walter-Wetter" ake yi. Wetter a Jamusanci shi ne yanayi, don haka ma'anar ita ce yanayin Fritz Walter, wato ruwan sama da sanyi a ranar wasa.

Fritz Walter ɗan garin Kaiserslautern ne, an haife shi a 1920. Ya ci wa kulob ɗin garinsu kambun zakaran Jamus a 1951 da 1953, kuma a can ya yi ritaya a 1959. Lokacin yaƙin duniya na biyu an ɗauke shi soja, a nan zazzaɓin cizon sauro ya kama shi. Duk wanda wannan cuta ta taɓa kwantar da shi ya san yadda rana ke dukan jiki bayanta. Tun daga nan zafi ke karya shi, amma da hadari ya haɗu sai jikinsa ya saki, ƙafarsa ta yi daɗi.

Abin da ya kafa kalmar shi ne wasan ƙarshe na gasar cin kofin duniya, ranar 4 ga Yuli 1954 a birnin Bern. Jamus ta Yamma ta kara da Hangari ta su Puskás, wadda ta lallasa ta da ci 8 da 3 a zagayen farko. Ranar ruwa ya yi ta zuba. Cikin minti 8 Hangari ta zura biyu. Sai dai Adi Dassler, mai kamfanin Adidas, ya tanadar wa Jamusawa takalma masu haƙoran da ake kwancewa a ɗaura dogaye, don kada taɓo ya kwashe su. Morlock ya rage ɗaya, Walter ya bugo kwana Rahn ya farke, a minti na 84 Rahn ya ƙara ta uku.

Walter, kyaftin ɗin Jamusawa, bai ci ƙwallo a wasan ba, amma a ganina ya cancanci sunan, domin shi ya riƙe ragamar ƙungiyar cikin caɓi, shekara 9 kacal bayan yaƙin da ya raunata lafiyarsa. A 1985 aka sa wa filin Kaiserslautern da ke kan tudun Betzenberg sunansa. Ya rasu a 2002.